Damben Talabijin da Ya Raba Ni da Surukina

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu a duk inda kuke. Na daɗe ina bin labaran da jama'a ke aiko wa wannan fili, wani in yi dariya, wani in ajiye mujallar in yi tagumi. Yau dai na ce bari in sauke nawa kayan, don ya daɗe a wuyana, kuma wuyan ba na da ba ne. Waɗanda suka san ni sun san ni da barkwanci, har ana cewa ko a gidan makoki aka zaunar da ni sai an yi ta danne dariya da hula. To wannan labarin shi ne kaɗai wanda in na fara shi da dariya ba na iya ƙarasa shi da ita.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Katsina ba, ni matashi ne mai gyaran rediyo da talabijin a Dutsin-Ma. Shagona na bakin kasuwa, ɗan ƙarami, in atishawa ta kama ni a ciki sai na fito waje nake ƙarasa ta. Ni kuma siriri ne a lokacin, in iska ta taso maƙwabta kan ce in riƙe ƙofa. Ba ni da ƙarfi ko na sisin kwabo, sai dai baki da yatsu masu sauri. Ban daɗe da aure ba, matata 'yar Kurfi ce, ɗiyar wani dattijon mahauci wanda duk yankin aka sani, ba don nama kaɗai ba, don a ƙuruciyarsa ɗan dambe ne, bahago. Ana cewa a zamaninsa in ya ɗaure hannun hagu ya shiga fili, abokin karawarsa kan fara neman gafarar iyayensa tun kafin a buga kalangu. Lokacin da na san shi gwiwa ta riga ta ci shi, yana tafiya yana ɗingishi, amma hannun nan na nan kamar taɓarya. Ranar da aka kai ni gaishe shi kafin aure, na tsuguna nesa, na ɗan saci kallon hannun sau ɗaya, na ce a raina in Allah Ya yarda yarinyar nan ba za ta taɓa yin yaji ba.

Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo ba za su gane yadda surukuta take a lokacinmu ba. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kallon idonsa, ba ka faɗin sunansa ko da sunan maƙwabcinka ne, sai ka ce mai sunan Baba. In ka hango shi a hanya ka cire takalmi ka durƙusa, in kuwa da lungu kusa ka faɗa ciki. Shi Baba duk ranar kasuwa yakan zo Dutsin-Ma sayen dabbobi, ni kuwa na san lokacin wucewarsa, sai in shige bayan wata tsohuwar talabijin mai ƙafafu in yi lamo har ya wuce. Haka muke zaune lafiya, yana ganin girmana ina ganin nasa, ba mu taɓa haɗa jimla uku a jere ba.

Abin da ya ɓata wannan zaman shi ne wani ɗan akwati. Ina da maƙwabci, mutumin Filato, Kirista, yana aikin kula da injinan ruwa a madatsar da ke wajen Makera. Wani injiniya baƙo da zai koma ƙasarsu ya bar masa wani akwatin roba da ake jona wa talabijin a yi wasa da shi. Ya kawo mini don abin jona wutarsa ya ƙone, na gyara, kuma da yake shi ba shi da talabijin sai akwatin ya zauna a shagona. Kaset ɗaya ne ya zo da shi, na faɗa. An kwaso jarumai daga labarai daban-daban, waɗanda a hankalce ba abin da zai haɗa su, an zuba su fili ɗaya. Sunayensu da rubutun da ba mu iya karantawa, don haka muka raɗa musu namu. Akwai Ɗan Caina mai tsalle, akwai Gwangwani, wani mutum na ƙarfe, akwai ɗan kokawa mai rufe fuska, akwai wani biri, akwai wata mata mai jifa da mafici da muke ce wa Hajiya, sai kuma wani ƙato mai hannu ɗaya kumburarre, shi muka sa wa Bahago. Mutum biyu ke yi, kowa da ɗan farantinsa mai maɓallai a ƙarshen waya, mu linzami muke ce masa. A saman gilashi kowa da layin ransa, in aka buge ka ya ragu, in ya ƙare ka zube. Ni da maƙwabcina muka ƙware, musamman ranar Lahadi in ya dawo daga coci. Ni dai a nan na fara sanin daɗin dukan mutum, tunda a zahiri ko akuya ban taɓa kayarwa ba.

Wata ranar kasuwa muna tsakiyar wasa, mutane sun cika bakin shago, na kama maƙwabcina da Hajiya ina ta zuba masa mafici ina ihu ina cewa yau sai uwarsa ta ji a jikinta a can kan duwatsun Jos, sai na ji shagon ya yi tsit, haske ya ragu. Na waiga, ga Baba a tsaye ya cika ƙofar. Na saki linzami, na nemi takalmin da zan cire na tarar ba ma takalmi a ƙafata, na zube ƙasa ina gaisuwa. Bai ko amsa sosai ba, idonsa na kan gilashi. Ya nuna ƙaton nan da haɓa, ya tambayi maƙwabcina wane ne wancan mai ɗaurarren hannu, ɗan wane gari ne. Maƙwabcina, da yake shi ba ya auren ɗiyar kowa a Kurfi, ya yi dariya ya ce ai Bahago ke nan, Baba ko zai gwada. Na yi ta yi masa alama da ido har idon ya kusa faɗowa, bai gani ba. Baba ya naɗe babbar riga, ya zauna a kan tabarmata, ya karɓi linzami ya juya shi kai ƙasa don ya dace da hagunsa. Maƙwabcina ya nuna masa maɓallin tafiya da na naushi, sannan ya duba agogo ya ce lokacin aikinsa ya yi, ya miƙa mini ɗaya linzamin ya fita. Har yau in na tuna fitar nan tasa sai in ji ban gama yafe masa ba.

Ku duba halin da na shiga. Wayar linzami gajera ce, dole in zauna tabarma ɗaya da surukina, gwiwata na kusan taɓa tasa. In na ƙi wasa na ƙi umarninsa. In na yi wasa na buge shi, na daki surukina a gaban 'yan kasuwa, ko da a cikin gilashi ne, kuma kafin la'asar labarin ya isa Kurfi cewa mai gyaran rediyo ya zubar da Bahago. Sai na zaɓi abin da na ga ya fi sauƙi. Na ɗauki Gwangwani, na tura shi a hankali har ya kai fuskarsa daidai hannun Baba, na ɗage yatsuna. Baba ya danna, Gwangwani ya yi ƙara. Ya sake dannawa. Da layin raina ya ƙare, mutumin ƙarfe ya baje, sai dattijon nan ya yi wata kururuwa da ta sa rediyoyin da ke kan kanta suka yi rawa, ya ɗaga hannun hagu sama ya shiga kirarinsa na da, wanda aka ce rabon da a ji shi tun kafin a haifi matata. Tsofaffin da ke bakin ƙofa suka ɗauka suna amsa masa. Da zai tafi ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, ya ce yaro kana da ƙoƙari, amma ƙarfe ba ya dambe.

Da na koma gida na ba matata labari, na zaci za ta tausaya mini. Ta ajiye ludayi ta ce in dai ina son ci gaba da cin tuwo a gidan nan, kada Allah Ya sa ta ji an ce na ɗaga wa mahaifinta hannu, ko na gilashi ne ko na laka. Na ce ai sau ɗaya ne, ya wuce. Ashe farawa ke nan.

Ranar kasuwa ta gaba tun hantsi ya iso, ya bar wa abokan sana'arsa cinikin shanu, ya zo da ƙullin tsire ya ajiye mini. Haka ta gaba, haka wadda ta biyo ta, damina ta shigo ta same mu a kai. Don in ceci abin da ya rage na kunyata, na kunna ƙarfen dalma na ƙara wa linzamina waya, doguwa, wadda in da na ƙara kaɗan da daga Dutsin-Ma zan iya wasa da shi yana Kurfi. Shi yana gaba a kan tabarma, ni ina can baya a tsugune kusa da ƙofa, ina leƙen gilashi ta gefen kafaɗarsa. Ya yaba da wannan ƙwarai, ya gaya wa mutane cewa surukinsa yaro ne mai tarbiyya.

Jama'a, wanda bai taɓa faɗuwa da gangan ba bai san wahala ba. Cin wasa abu ne mai sauƙi, faɗuwa ita ce sana'a. Baba naushi ɗaya ya sani, kuma ba ya sakin sa sai ya gama zagaye fili kamar yadda ake yi a damben gaske, ya matso, ya ja baya, ya yi kirari, ya tambayi 'yan kallo ko sun ga tsayuwa. Wasan kuwa yana da lokaci, in ya cika wanda ransa ya fi yawa shi ya ci. Sai in yi ta bin sa da fuskata ina neman hannunsa kamar mai neman albarka. Wani lokaci ya kai naushi ya bugi iska, ni kuma in yi tsalle in faɗa cikinsa. In na faɗi da wuri ya ce na raina shi, in na daɗe ya ce ina gudu. Dole in riƙa kai masa duka kaɗan da ba zai same shi ba, in yi tsaki, in ce kash. Na faɗi da Ɗan Caina, na faɗi da biri, na faɗi da mai rufe fuska, babu jarumin da ban zubar wa mutunci ba a cikin kaset ɗin nan. Rediyoyin mutane suka taru ba gyara, masu su na zuwa suna zagina a hankali don Baba na zaune. In na kwanta barci sai in ga kaina ina tafiya wajen wani ƙaton hannu. Matata ta ce har cikin barci nakan ce kash.

Na yi dabarun kuɓuta. Na ce masa akwatin ya lalace, ya gyara zama ya ce ai gidan gyara aka zo, zai jira, in kuwa ɗan wannan abin ya gagare ni to yana so ya san da me nake ciyar da ɗiyarsa. Nan take akwatin ya warke. Na gwada koya masa tsalle da kare duka, don ko ba komai ya iya wani abu na gaske, ya ce shi ba kwaɗo ba ne, kuma wanda bai taɓa faɗuwa ba me zai koya wurin wanda bai taɓa ci ba. Ni kuwa ni na gina wannan maganar da hannuna. Maƙwabcina ya ja ni gefe wata rana ya ce, oga, abin nan da kake yi ba shi da kyau, wata rana tsohon nan zai gamu da wanda ba ya auren 'yarsa. Na ce masa ku ba ku san surukuta ba. Ya ce su ma suna da surukai a garinsu, amma ba sa yi musu ƙarya kowane mako.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, wasan ya yi wa Baba amfani. Surukata ta aiko wa matata cewa tun da gwiwa ta hana shi ko zuwa kallon dambe ya zama shiru-shiru, abinci ma sai an yi da gaske, amma yanzu ya dawo da cinsa da dariyarsa, har waƙa yake yi in yana fiɗa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na fara jin daɗin zuwansa. In an gama wasa yakan juyo rabi, ya ba ni labarin garuruwan da suka je dambe da ƙafa bayan girbi, da yadda ake jiƙa zaren ɗaurin hannu, da mutanen da suka kayar da shi, yana faɗin sunayensu da girmamawa kamar malamansa. Ni da na tashi maraya, ban taɓa samun dattijon da ya zauna yana ba ni labari haka ba. To ta ina zan fara ce masa Baba duk nasarar nan taka ni na ƙera ta?

Akwai wani tsoho a Rawayau, shi ma tsohon ɗan dambe, wanda suka yi ta karawa da Baba tun suna samari ba wanda ya taɓa kashe wani, wato ba wanda ya kai ɗan'uwansa ƙasa. Sun tsufa suna tsokanar juna, in sun haɗu a kasuwa wannan ya ce wancan albarkacin ruwan sama ya tsira, wancan ya ce wannan alƙalin wasa ɗan garinsu ne ya cece shi. Da labari ya kai masa cewa Bahago ya koma fili, yana kashe Sinawa da mutanen ƙarfe a cikin talabijin, sai ya ce ai dama da aljanun gilashi ya dace, tunda mutane sun fi ƙarfinsa. Maganar ta dawo kunnen Baba. Ranar kasuwar da ta biyo ya shigo shagona fuska a ɗaure, ya ce in shirya, da an gama girbi zan kai akwati da talabijin Kurfi, za a raba tsohuwar gardama a gaban jama'a. Na ce Baba ai Kurfi wuta ba tabbas. Ya ce shi ya ga ina kunna ƙaramar talabijin da batirin mota. Na ce mutumin Rawayau bai iya ba, ba adalci. Ya ce zai ba shi lokaci ya koya, ai shi ma a zama ɗaya ya iya.

Na shiga tashin hankali. Na yi tunanin in tsinke waya ɗaya a cikin linzamin baƙo, sai na tuna Baba mutum ne mai adalci a fili, abokin karawa yake bari ya fara zaɓa, ban san wanda zai ɗauka ba. Na yi tunanin in saki talabijin daga bayan a-kori-kura a hanya. Na je wa matata da maganar, a karon nan sai ta ce to in gaya masa gaskiya mana. Na ce ke da kika ce kada in ɗaga masa hannu? Ta ce ita cewa ta yi kada in doke shi, ba ta ce in mai da shi abin wasa ba, kuma ita ba za ta iya tunkararsa da wannan ba, 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa. Na bar wa raina cewa mutumin Rawayau bai taɓa riƙe linzami ba, wataƙila Allah Ya rufa asiri.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka kafa talabijin a kan turmi a ƙarƙashin wata bishiya bayan rumfar mahauta, aka kewaye ta da buhuna don hasken rana. Mutane sun zo daga Rawayau, daga Ɗantutture, wasu a kan kekuna wasu a ƙafa, har da mai kalangu. Talabijin ɗin kuwa ba ta fi faranti ba, na baya sai dai a ba su labari. Na nuna wa baƙo maɓallai, ya saurara yana kaɗa kai, na tabbata ko ɗaya bai riƙe ba. Da aka zo zaɓe ya sa yatsa a kan Hajiya mai mafici, ya ce mace ma ta ishi Bahago. Aka kwashe da dariya, Baba ma ya yi, ya ce to a gaya wa mijinta ya zo da makara.

Aka fara. Baba ya shiga zagayensa cikin natsuwa, ya matso, ya ja baya, kalangu na kiran sunansa. Mutumin Rawayau kuwa ya rungume linzami a cinya, ya sa yatsun hannu biyu gaba ɗaya yana dannawa kamar mai dama fura, bai ma kallon gilashin. Hajiya ta haukace. Ta yi tsalle, ta yi shuri, ta watso mafici, ta yi wani juyi da ni kaina ban taɓa sanin tana da shi ba. Baba yana jiran ta kawo fuska daidai hannunsa, yadda duk abokan karawarsa suka saba kawowa. Ba ta kawo ba. Kafin ya saki naushi ɗaya layin ransa ya ƙare, Bahago ya baje. Mutanen Rawayau suka tashi da ihu. Baba ya ce a sake. Aka sake, turmi bayan turmi, bai taɓa ta ko sau ɗaya ba. Mai kalangu ya yi ta rage hannu har ya yi shiru. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce wai dama wannan ne abin da ake ta ba mu labari tun damina?

Baba bai ce batir ne ba, bai ce gilashi ne ba. Ya tsura wa linzamin da ke hannunsa ido. Can sai ya ce ina yaron nan. Na taso daga inda nake tsugune. Ya karɓi linzamin baƙo ya miƙo mini, na ja doguwar wayata zan koma baya inda na saba, ya ce a'a, nan, ya buga tabarma kusa da gwiwarsa. Ya ce in ɗauki wanda na ga dama, in yi wasa yadda zan yi da kowa. Na zauna. Na san in na buge shi na tona watannin nan duka, kuma na doki surukina a garinsu, a gaban abokin gabarsa. Na ce a raina bari in ba shi ko da nasara ɗaya ya tashi da ita. Na ɗauki Gwangwani, na kai duka biyu a iska, na yi tsaki, na tura shi daidai hannun Bahago, na ɗage yatsuna kamar kullum. Na jira ƙarar naushi, ba ta zo ba. Na ɗago kai. Baba ba gilashi yake kallo ba, hannuwana yake kallo, manyan yatsuna biyu a tsaye a sama ba sa taɓa komai.

Ya ajiye linzamin a hankali kamar ƙwai. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har na baya sun ji. Ya ce a rayuwarsa maza da yawa sun kai shi ƙasa, kuma duk wanda ya kayar da shi sun ci tuwo ƙwarya ɗaya a ranar, don wanda ya buge ka da gaske ya ɗauke ka namiji. Ya ce amma ba a taɓa jin tausayinsa a fili ba sai yau, kuma ashe ba yau aka fara ba. Ya miƙa wa mutumin Rawayau hannu ya ce ka kashe, na yarda. Tsohon nan, da ya zo da shirin tsokana ta shekara, sai ya riƙe hannun da hannu biyu, ya kama shi ya tashi saboda gwiwar, suka tafi tare. Ni aka bari da talabijin a kan turmi, mutumin ƙarfe da Bahago suna tsaye suna kallon juna har lokaci ya cika.

Na je ba da haƙuri washegari da rakiyar wani kawuna. Ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya ce ba komai, yaro ya yi abin da aka koya masa ne. Bai taɓa ɗaga maganar ba, bai rage wa ɗiyarsa komai ba, duk sallah naman gidanmu na zuwa. Amma bai sake taka shagona ba. In ya zo kasuwa ya bi ta ɗaya layin, in muka yi kiciɓis in durƙusa, ya amsa a taƙaice ya wuce. Surukata ta ce ya koma shirunsa, kirarin nan kuma ba a sake jin sa ba har Allah Ya karɓi abinsa bayan wasu shekaru. Akwatin na mayar wa maƙwabcina, ya karɓa bai ce ai na gaya maka ba, wannan ma ya fi mini ciwo.

Na daɗe ina juya abin nan, na gaji da juya shi. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a bar ta ba. Amma ni ba kunya na yi ba, tsoro na yi, na sa masa rigar kunya. Da tun ranar farko na durƙusa na ce Baba ka yafe ni, ba zan iya karawa da kai ba, ga maƙwabcina, da Baba ya sha kaye sau biyu a cikin shago, ya yi dariya, ya koyi kare duka, ya je Kurfi da abin da yake nasa. Na hana shi faɗuwa ƙarama a ɓoye, na tara masa babba a bainar jama'a. Don haka ku matasa, in kuna tare da dattijo, ko a wasa ne ko a sana'a ko a shawara, ku sassauta murya, ku sunkuyar da kai, amma abin da za ku ba shi ya zama gaskiya. Ku kuma 'yan'uwana da furfura ta fara, ku riƙa lura da wanda kullum kuke cin nasara a kansa. Ni yanzu na aurar da ɗiyata, mijinta yaron kirki ne, kuma duk labarin da na ba shi sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Kwanan baya na fara wani, ban kai rabi ba tari ya sarƙe ni, na ga ya riga ya fashe da dariya. Na dube shi, na ce tashi ka je, Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya yafe mini can ƙasan zuciyarsa, mu kuma Ya ba mu masu gaya mana gaskiya tun muna iya ɗaukarta.